A bar wa zangon ƙarshe na Tour de France tudunsa

Ranar Lahadi 26 ga Yulin 2026 aka tsara rufe gasar tseren keke ta Tour de France, da zango mai nisan kimanin kilomita 130 daga garin Thoiry da ke yamma da Paris zuwa titin Champs-Élysées. Ga mutanen da suka shafe mako uku suna fama da duwatsu, kilomita 130 ba abin da zai hana su barci ba ne. Abin da ya jawo ce-ce-ku-ce tudu ɗaya ne tak, wato Montmartre da ke arewacin birnin, wanda za su hau sau uku kafin su isa layin ƙarshe. Tsawon hawan kilomita 1.1 ne, matsakaicin tsayuwarsa kashi 5.9 cikin ɗari, kuma ƙolinsa bai wuce mita 130 daga bakin teku ba. Kwana ɗaya kafin nan za su ƙetare mashigin dutsen Galibier mai tsayin mita 2,642, su ƙare zangon a kan dutsen Alpe d'Huez. To me zai sa ƙwararrun mahaya su riƙa ƙorafi a kan ɗan tudun da suke gamawa da shi cikin minti biyu da 'yan kai?

Ni dai ina tare da masu cewa a bar tudun nan inda yake. Har ma ina ganin gyaran da aka yi wa hanyar a 2026 ya fi tsarin 2025 ma'ana, ko da yake da yawa daga masoyan Montmartre suna kallonsa a matsayin ja da baya.

Tun 1975 ake ƙare gasar a Champs-Élysées, in ban da 2024 da aka kai ta birnin Nice saboda Paris na shirin wasannin Olamfik. A tsawon shekarun nan wata al'ada ta kafu wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba: ranar ƙarshe ba a kai wa mai rawayar riga, wato wanda ke kan gaba a jimillar lokacin gasar, hari. Ana barin gari cikin raha, ana ɗaga kofuna, abokan ƙungiya su jera kafaɗa da kafaɗa a ɗauke su hoto. Sai an shiga Paris ake fara zafafa gudu, a yi ta kewaya faffaɗan titin nan, wasu 'yan tsiraru su ɓalle don talabijin ta hasko sunan kamfanin da ke ɗaukar nauyinsu, a kamo su, sannan a mita 300 na ƙarshe 'yan kukan kura, wato gwanayen gudun ƙarshe a kusa da layi, su raba gardama. Kamar hawan sallah ne, a yini ana tafiyar ƙasaita, sai a ƙofar fada a yi jafi a watse. Mark Cavendish ya ci zangon sau huɗu a jere daga 2009 zuwa 2012. Kafin zuwan Montmartre, rabon da wani ya ɓalle ya riga ayari zuwa layi a wannan titi tun 2005, lokacin da Alexandre Vinokourov ya yi hakan. Shekarar 1989 da kowa ke tunawa, wadda Greg LeMond ya ƙwace gasar daga hannun Laurent Fignon da tazarar daƙiƙa 8, tseren agogo aka yi ran nan, kowa shi kaɗai, shi ya sa ma aka ga tashin hankali.

Wasannin Olamfik ne suka buɗe wa masu shirya gasar ido. Ranar 3 ga Agustan 2024 tseren maza ya bi ta titin Lepic ya hau har gindin majami'ar Sacré-Cœur, jama'a suka cika matakalai da tagogi da bakin shaguna, ba masaka tsinke. Remco Evenepoel na Beljiyam ya yi nasara duk da facin da ya yi 'yan kilomitoci kafin layi. Kamfanin ASO mai gasar Tour, da shugaban gasar Christian Prudhomme, suka ga wannan taro suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Cikar shekara 50 da fara ƙarewa a Champs-Élysées ta ba su dalili, aka saka Montmartre sau uku a zangon 27 ga Yulin 2025, hawan ƙarshe yana kilomita 6 kacal daga layi.

Wanda ya kalli wannan yammaci ba ya bukatar dogon bayani. Ruwa ya sauka, daɓen duwatsun titin ya yi santsi yana ƙyalli, alƙalai suka yanke cewa za a tsayar da lissafin lokacin gasar tun saura kimanin kilomita 50, kafin a taɓa tudun. Ma'ana Tadej Pogačar ya riga ya ci gasarsa ta huɗu, abin da ya rage masa shi ne ya ƙetare layi lafiya. Kowa a matsayinsa zai koma tsakiyar ayari ya lallaɓa. Shi kuwa da Julian Alaphilippe ya taso a hawan farko sai ya bi shi, a hawa na biyu ya sake matsa feda har aka rage su shida: shi, da Wout van Aert, da Matteo Jorgenson, da Matej Mohorič, da Davide Ballerini, da Matteo Trentin. A sarari tsakanin hawa da hawa Jorgenson ya yi ta ɓallewa yana tilasta wa Pogačar bin sa, don ya gajiyar da shi saboda abokin ƙungiyarsa Van Aert. A hawan ƙarshe Pogačar ya shige gaba, sauran suka zube ɗaya bayan ɗaya, Van Aert kaɗai ya manne da tayarsa. Kusa da ƙoli, inda titi ya tsuke tsakanin shingaye biyu mutane na ihu a kunnensu, Van Aert ya miƙe daga sirdi ya wuce ta gefe, sai ga tazara tana buɗewa, mita biyu, mita biyar, mita goma. Mako uku babu wanda ya iya barin mai rawayar riga a kan tudu irin haka, ko Jonas Vingegaard a manyan duwatsu, sai ga wani ƙato mai nauyin jiki ya yi shi a tsakiyar gari. Ya gangaro a kan jiƙaƙƙen titi shi kaɗai, ya ci zangonsa na 10 a tarihin gasar da tazarar daƙiƙa 19, bayan shekarar da ya yi yana jinyar munanan faɗuwa biyu. Pogačar na huɗu ya zo.

Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne abin da ya sa nake fifita zangon tuddai a kan kowane irin zango. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babban abokin gaban mahayi iska ce. Wanda ya fake a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, wanda ke tsakiyar ayari kuwa ragin da yake samu ya fi haka nesa. Don haka mutum uku ko huɗu ba sa iya tsere wa mutum 150 idan ƙungiyoyin 'yan kukan kura sun yi niyyar kamo su. A dogon dutse kuma lissafin na komawa kan nauyi: ƙarfin da ƙafa ke bayarwa a raba shi da kilo nawa mutum ke ɗauke da shi. Hawan minti 40 ba ya ƙarya, kuma a 'yan shekarun nan amsar da yake bayarwa ɗaya ce, Pogačar ko Vingegaard, waɗanda daga 2020 zuwa 2025 babu wanda ya ci gasar in ba su ba. Kafin a tashi daga gari mai kallo ya san zangon sarari na mutum huɗu ko biyar ne, na dutse kuma na mutum biyu.

Gajeren tudu ba ya bin ko ɗaya daga cikin lissafin biyu. Minti biyu bai isa nauyi ya kayar da mai ƙarfi ba, amma ya isa ya tsinka ayari gida-gida. Mai kilo 78 zai iya cije haƙori ya wuce mai kilo 66. Mai saurin ƙarshe da ya iya jure wuya zai iya maƙalewa ya jira layi. Wanda ba shi da ko ɗaya amma yana da wayo da ƙarfin hali zai iya sulalewa a gangara lokacin da manya ke kallon juna. A duba gasar 2025 kaɗai. Mathieu van der Poel ya doke Pogačar a Boulogne-sur-Mer, bayan kwana biyu Pogačar ya rama a Rouen inda ya cika nasara 100 a rayuwarsa ta ƙwararre. Ben Healy na Ayalan ya yi tafiyar fiye da kilomita 40 shi kaɗai zuwa Vire, daga baya ya saka rawayar riga. Jonas Abrahamsen ya ci a Toulouse. Kaden Groves, wanda aka sani da kukan kura, ya isa Pontarlier shi kaɗai cikin ruwan sama. Mutum biyar, hanya biyar, kuma babu ranar da mai sharhi zai bugi ƙirji da safe ya ce ga wanda zai ci. In har ana so duniya ta zauna gaban talabijin ranar rufe gasa, irin zangon da ya kamata a ba ta ke nan.

Sai dai 'yan kukan kura suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Mutum irin Jonathan Milan, dogo mai jiki, hawa dutse azaba ce a gare shi. Kowace rana a duwatsun Alps da Pyrénées yana tsere ne da agogon kora, domin wanda ya wuce wa'adin da aka ƙayyade bayan mai nasara, gida za a tura shi. Abin da ke riƙe irinsu a kan sirdi a mako na uku shi ne Paris: sun san akwai rana guda da ke jiransu, a titin da ya fi kowanne daraja a sana'arsu. A 2025 sau biyar kacal aka ƙare zango da kukan kuran ayari, Jasper Philipsen ya ci ɗaya, Tim Merlier biyu, Milan biyu. Milan ya hau dandamali da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a Paris ba tare da an ba shi damar gwada ƙafarsa a titin ba. Idan aka ci gaba da haka, me zai hana su tattara kayansu bayan mako na biyu, kamar yadda wasu ke yi a gasar Giro ta Italiya da zarar an tunkari duwatsu? Wannan tambaya ce ta gaskiya. Amsata ita ce bashin da ake bin masu shirya gasa a biya shi a cikin mako ukun, a ba su zangunan sarari na haƙiƙa, har a makon ƙarshe, a daina cusa ɗan tudu a kilomita 10 na ƙarshen kowane zango don tsoron kada mai kallo ya yi gyangyaɗi. Amma a ce ranar da ido ya fi yawa a kan gasar mallakin mutum biyar ce har abada saboda haka aka saba, ban yarda ba. Al'adar ma ba ta kai gasar tsufa ba: an fara Tour a 1903, ta yi shekara 72 tana ƙarewa a wasu wuraren kafin ta san Champs-Élysées.

Hujja ta biyu ta tsaro ce. Vingegaard ya nuna damuwa tun kafin gasar 2025, cewa a Olamfik ayari ya riga ya ragu ƙwarai kafin a iso tudun, alhali a Tour mutum kusan 150 ne za su yi rububin shiga ƙaramin titi. Evenepoel ma bai goyi baya ba, har shi Van Aert da ya zo ya ci bai ɓoye fargabarsa ba. Lissafinsu daidai ne: mutum 90 suka fara tseren Olamfik na kilomita 273, Tour ta 2025 kuwa da 184 ta tashi, 160 suka isa Paris. Amma kada a yi mana kamar kukan kura wasan yara ne. Mutum goma sha suna gogayya da kafaɗa a gudun kilomita 70 a sa'a, babu abin da ya fi shi haɗari a tseren titi. Faɗuwar da ta kusa kashe Fabio Jakobsen a Katowice a 2020 a layin ƙarshe ta auku. A Tour ta 2025 ɗin ma Philipsen a wurin neman makin tsakiyar hanya ya faɗi ya karye ya bar gasar, a Valence kuma aka yi karo a kilomita na ƙarshe. Tudu yana miƙar da ayari ya zama layi, gudu ya ragu, kuma mutum shida a kan jiƙaƙƙen titi sun fi mutum sittin samun wurin kaucewa.

Inda nake da ja da alƙalai shi ne batun tsayar da agogo. A ranar ruwa irin ta 2025 sun yi daidai, babu mai hankalin da zai so a rasa gasar mako uku saboda taya ta zame a kan daɓe. Tsorona kada abin ya zama ɗabi'a, kowace shekara ƙungiyoyi su matsa lamba a daskarar da lokaci ko da rana na haskawa. In aka yi haka an mayar da tudun ado. A 2025 tazarar Pogačar da Vingegaard minti 4 da daƙiƙa 24 ce, ba abin da Montmartre zai canza. Amma shekarar da aka sauko daga Alpe d'Huez da tazarar daƙiƙa 15 tsakanin na ɗaya da na biyu, ko tsakanin na uku da na huɗu, wannan tudun shi ne zai yanke hukunci, kuma ya kamata a bar shi ya yanke. Zango 21 aka ce za a yi, ba 20 da rakiya ba.

Yanzu ga abin da aka sauya. A taswirar 2026 da aka bayyana a watan Oktoban 2025, hawa uku na nan, amma na ƙarshen an ja shi baya zuwa kimanin kilomita 15 daga layi maimakon 6. Wasu sun ce an ba da kai bori ya hau, an lallashi 'yan kukan kura. Ni kuwa ina ganin nan ne zangon ya zama abin da ya kamata ya zama. Da kilomita 6, rabinsu gangara, duk wanda ya fara leƙa ƙoli shi kaɗai ya gama. In an maimaita hakan shekara biyar za a tarar an ƙwace zangon daga hannun mutum biyar an miƙa wa wasu uku, Pogačar da Van der Poel da Van Aert, an koma gidan jiya. Kilomita 15 kuwa kusan minti 18 ne na gudu a faffaɗan titi. Tsohon ƙiyasin mahaya shi ne ayari mai niyya yana cinye minti ɗaya a kowane kilomita 10. In haka ne, mai tazarar daƙiƙa 20 shi kaɗai ba zai sha ba. Amma wannan ƙiyasi na ayari ne mai cikakkun ƙungiyoyi da sabbin ƙafafu. A rana ta 21 ƙungiyar da ta fara da mutum takwas wataƙila biyar suka rage mata, jiya-jiya suka sauko daga duwatsun Galibier da Sarenne, kuma tudun ya warwatsa su, wani na gaba wani na baya. Kafin su haɗu su fara ja, kilomita huɗu ko biyar sun tafi.

Don haka mai kallo ya sa ido tun kafin tudun. Titin Lepic yana farawa ne daga dandalin Blanche, kusa da gidan rawan Moulin Rouge, inda ake barin babban titi a kutsa cikin matsattse. Ainihin faɗan a nan yake. Wanda ya shiga a cikin ashirin na farko zai hau da gudunsa. Wanda ya shiga na ɗari sai ya taka birki, ya jira, ya sake tayar da keke daga kusan tsaye, kuma kafin ya kai rabin hawa na gaba sun fara gangara. Mai saurin ƙarshen da ƙungiyarsa ta iya ajiye shi a sahun gaba sau uku yana da rabo. Wanda aka bari a baya sau ɗaya, to sai wata shekarar. Abu na biyu shi ne yawan waɗanda suka tsira tare a hawan ƙarshe da rigunan da ke jikinsu. Idan biyar ne daga ƙungiyoyi biyar masu ƙarfi, babu mai bin su, za su kai. Idan akwai ɗaya a cikinsu da ya ƙi karɓar ja saboda mai saurinsu na tafe a baya, rigima za ta shiga tsakaninsu, kowa na juya kai yana harara, ayari ya haɗiye su a dandalin Concorde da ke bakin titin Champs-Élysées.

Irin wannan hanya ta dace da wani rukuni na mahaya da ba a cika yi musu tanadi ba, masu sauri da ba sa tsoron gajeren hawa. Mads Pedersen na Denmak yana ciki, Philipsen ma idan yana kan ganiyarsa, da Groves. Sai kuma Biniam Girmay na Iritiriya, wanda nahiyarmu ke da dalilin bibiyarsa. Mutane sun fi tuna zanguna uku da koriyar rigar da ya ci a Tour ta 2024, amma nasarorin da suka fara fito da shi a 2022 duk na tuddai ne: Gent-Wevelgem, inda ake hawa tudun Kemmelberg mai daɓen duwatsu, da zangon Jesi a Giro inda ya doke Van der Poel bayan yinin hawa da sauka. A kukan kuran ayari cikakke, ƙattai irin su Milan da Merlier sukan fi shi gudu. A gasar duniya ta Kigali a Satumban 2025, mai hawan fiye da mita 5,000, hanyar ta fi ƙarfinsa kamar yadda ta fi ƙarfin yawancin waɗanda suka fara. Tsakanin waɗannan biyun gonarsa take, kuma zangon Paris na 2026 a tsakanin ya faɗo, in Allah ya sa ya shiga gasar ya kuma kai ranar.

Hasashena, idan titi a bushe yake: Pogačar ba zai iya zama ba, zai taso a hawa na biyu ko na uku, mutum huɗu ko biyar su bi shi, a kamo su saura kilomita uku ko huɗu, sannan rukunin da bai wuce mutum 30 zuwa 40 ba ya yi kukan kura, babu jerin masu share hanya, kowa ta kansa. A irin wannan Pedersen nake ba wa, Girmay da Van Aert na biye. Idan kuwa hadari ya haɗo kamar na 2025, babu ƙungiyar da za ta yi kasadar bi da gaske a kwanonin gangarar, kuma wanda ya fi kowa rashin tsoro a cikin 'yan gaba shi zai isa layi shi kaɗai.